Ragon Godiyar Yaya Rabi

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Rabi makwancinta a nan Madina, amma har yau in na ji an ce rigakafi sai in ga kamar za ta leƙo ta taga. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, mai girki a wani gidan abincin alhazai kusa da Harami. Ba a yi mata wasa da allura. Duk jaririn da aka haifa a layinmu na unguwar Ƙuba, ita ke tasa uwarsa a gaba zuwa asibiti, in kuwa kika yi nawa, ranar kin shiga uku.

Da sankarar mama ta kama ta, aka yi mata aiki, aka bi da maganin nan mai zubar da gashi da muke kira kimawi. Ranar da likita ya ce ba ya ganin sauran ciwon a jikinta, tambaya ɗaya ta yi masa: "To dakta, ina allurar da za ta hana shi dawowa? Ƙyanda ma tana da tata." Ya ce irin wannan babu, sai ƙwayoyi da kiyaye maw'idi, wato ranakun da aka sa mata ta koma a duba ta.

Mu kuwa muka yi abin da muka saba. Aka yanka rago, aka dafa shinkafa, aka raba har gidajen Larabawan layin. A wurinmu in an yanka ragon godiya, magana ta ƙare. Da maw'idi ya zo, wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta ce, "Haba Rabi! Kin gode wa Allah a gaban jama'a, sannan ki koma kina bincikar kyautarsa?" Wai Yaya, mai kora mutane asibiti, sai ga ta ta ji kunya. Ba ta je ba, na gaba ma ba ta je ba. Ba na cewa zuwan zai ƙara mata kwana, kwana na Allah ne. Amma sa'ad da ciwon baya ya mayar da ita, abin ya riga ya shiga ƙashi, kuma wannan yana ƙona mini rai har gobe.

'Yarta Sumayya yanzu ma'aikaciyar kantin magani ce. Ina yi mata Hausa tana mayar mini da Larabci, haka muke lallaɓawa. Ita ta ba ni labarin cewa masu bincike suna gwada allurar da uwarta ta tambaya: a koya wa garkuwar jiki gane ragowar ciwon, ta murƙushe shi kafin ya sake tsira. Ta ja mini kunne cewa gwaji ne, bai iso kanti ba, ba a ma tabbatar zai yi wa kowa ba. Na ce na ji. Amma na san abin da Yaya za ta ce: "Ba na faɗa ba?" Sannan ta naɗe hannun abaya ta tsaya a gaban layin karɓar allurar, tana yi wa masu binciken faɗan sun daɗe.

Bara ciwon ya same ni ni ma. An yi aikin, na gama kimawi, gashi ya fara tofowa kamar na jariri. Tsoron dawowarsa yana nan, ba zan ɓoye ba, sai dai ba ya hana ni barci. Abin da aka ce babu a zamanin Yaya, yau ana neman sa gadan-gadan, ni kuma na ƙudurta da yardar Allah ya iske ni a raye.

Abin da Yaya ta bar mana shi ne wannan nacin nata, kuma ni na gaje shi. Matan layi sun fara tambaya, "Hajiya, yaushe ragon?" Dattijuwar nan ma ta aiko. Na ce su wasa wuƙa, rago kam za a yanka, mai ƙiba. Amma a gaya wa mahauci ya zo da la'asar, da safe ina da maw'idi.