Jak ɗin Sodangi da Turmin Rahmatu

Duk wanda ya zauna Tsamaye a shekarun nan ya san Sodangi, ya kuma san ba a ba shi ajiyar abin da ke da murfi. Ba ɓarawo ba ne, Allah ya kiyaye. Ciwonsa ɗaya ne: in ya ga abu a rufe, ba ya samun sukuni sai ya ga cikinsa. Yana yaro ya kwance kwaɗon ɗakin kakarsa don ya ga abin da ke cewa ƙwas in an murɗa makulli. Da ya girma ya buɗe rediyon liman, ya mai da komai wurinsa, sai ga sukurori uku sun ragu a hannunsa, rediyon kuma ya ci gaba da magana abinsa. Wannan ya dame shi fiye da a ce ya lalace, don har ya tsufa yana tambayar mutane amfanin sukurorin nan uku.

Mai irin wannan hali, ina zai ƙare in ba gindin mota ba? Shekara bakwai ya yi yana bin motar wani ɗan kasuwa tsakanin Sabon Birni da Isa har ya iya tuƙi, daga baya ya sami wata tsohuwar a-kori-kura da mai ita ya fid da rai da ita. Tsamaye babu gareji, babu makaniki, babu ramin duba mota. Garejinsa shi ne inuwar aduwar da ke tsakar gidansa. Zana ɗaya ya ɗage ta bayan gida don motar ta riƙa shiga.

A kasuwar Burkusuma ya haɗu da jak ɗin. Ja ne, gajere, bai kai kamu ɗaya ba, da ɗan sandan ƙarfe da ake zura masa a gefe. Wani mutumin Nijar ne ya sa shi ƙarƙashin motarsa, yana danna sandan da yatsu biyu yana hira, sai ga mota da lodin kanwa tana tashi sama. Sodangi, wanda sai ya tara maza shida da gungume kafin ya ɗaga ƙafar mota ɗaya, ya durƙusa nan cikin rana yana kallo har aka yi la'asar. Bai bar kasuwar ba sai da ya ba da akuya da ɗanta ya rungumo abin.

Da isarsa gida ya kira matarsa Rahmatu, ya sa ta danna sandan da hannunta.

"Kin gani? Abin da maza goma ba su iyawa, ɗan abin ga na yin shi," in ji shi. "Ko kwana bakwai kika bar mashi mota bisa kai, ba ya gajiya."

Rahmatu ta dubi jak, ta dubi mijinta. "To, Maigida, Allah shi sa wanga ya tsira daga hannunka."

Kwana huɗu ya daure, kuma a wurin Sodangi wannan jarumta ce. Ran na biyar ya kwance shi. Ya zaci zai tarar da haƙoran ƙarfe ko wani ƙaton sifirin, sai ya tarar da mai wanda bai cika kofi ba, da wani ɗan ƙwallon ƙarfe kamar ƙwayar dawa, da zoben roba. Shi ke nan. Yana juya ƙwallon a tafin hannu yana mamakin yadda ruwa-ruwan abu ke ɗaukar mota, man ya tsiyaye cikin rairayi, zoben kuma ya yage wajen fitarwa. Ya yanko sabon zobe daga tsohon tayar ciki. Mai kuwa, ya jira Rahmatu ta tafi rijiya, ya tsiyayo man gyaɗarta daga kwalba.

Jak ya tashi, amma ya koyi wani sabon hali. In ya ɗaga mota sai ya riƙa sauka a hankali, ba ƙara, ba girgiza. Sodangi ya ja masa layi da gawayi ya zauna yana lura: kafin mutum ya gama alwala ya sauka faɗin yatsa. Bai gaya wa kowa ba, kunyar fahariyar da ya yi da kunyar man gyaɗa suka haɗu suka rufe masa baki. Tun daga ranar, in zai shiga ƙarƙashin mota sai ya gangaro turmin Rahmatu, na kirya, wanda uwarta ta kawo mata daga Tozai, ya ɗora masa katako ya tokare motar da shi. Da ta tambayi dalili, ya ce don kada iska ta girgiza mota ne. Tun da aikin na ɗan lokaci ne da yamma, ba ta ja magana ba.

Sai fari ya zo, ya kuma maimaita. A damina ta biyu gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi ja, ya ƙone a tsaye. 'Ya'yansu biyu aka kai su Kaura wurin kawunsu. Rumbun Sodangi ya ƙare tun kafin sanyi ya wuce, saura ɗan rumbun Rahmatu, wanda take zuba abin da ta noma a gayaunarta. Namiji ba ya leƙa rumbun mace, kuma a duk faɗin duniya wannan ne kawai abu mai murfi da Sodangi bai taɓa buɗewa ba. In ya tambaya sai ta ce da saura. Kullum da safe kuwa tana daka, yana kuma samun kununsa kafin ya fita.

A shekarar nan mutane da kunne suke duba lafiyar maƙwabta. Gidan da turminsa ya yi shiru kwana biyu, kowa ya san abin da ya faru, sai a fara gaishe su da murya ƙasa-ƙasa, ba a jimawa kuma sai ka ga sun ɗaure tabarmi sun nufi kudu. Muddin ana jin taɓarya a gida, to gidan yana tsaye, asirinsa a rufe.

Wata Laraba, yana dawowa daga Sabon Birni, sifirin ɗin baya ya karye. Da ƙyar ya lallaɓo motar gida. Ga shi kuma wani ɗan kasuwar Isa mai suna Wakili ya yi masa alkawarin lodin masara ran Asabar, ladansa buhu guda, in bai zo ba a ba wani. Buhun nan shi ne tsakaninsu da ɗaure tabarmi. Aikin kuwa ba na yamma ɗaya ba ne: sai an cire ƙafa, a kwance sifirin, a kai maƙera, a dawo a ɗaura. Ya ɗaga motar, ya gangaro turmi, ya sauke masa nauyin duka, mota ta kwana a kansa.

Da safe Rahmatu ta tsaya kusa da motar da taɓarya a hannu.

"Maigida, ina son turmina."

"Sai gobe da yamma. Ki ari na Binta mana, ga ta nan bayan zana."

"Ba ni ara."

"Don mi? Ba kullum kuke aron rariya ba?"

"Ba ni ara," ta sake cewa, ta jingine taɓaryar ta shige ɗaki.

Abin ya ɗaure masa kai, har yana tafiya maƙera da sifirin a kafaɗa yana juya shi a zuci. Bai ji abin da ya biyo baya ba. Da hantsi Binta, maƙwabciyarsu, ta yi gyaran murya ta bayan zana ta ce, "Rahmatu, lahiya kuwa? Yau ba mu ji dakanku ba." Rahmatu ta ce lafiya lau, turmi ne mota ta hau. Gaskiya ta faɗa, amma a kunnenta kamar ƙarya ta yi, ta wuni ba ta leƙa waje ba.

Ran Juma'a da sassafe Sodangi ya zo ɗaura sifirin. Don ya sami wurin zura shi, ya danna jak har motar ta tashi daga kan turmi kamar faɗin yatsu huɗu. Ya san za ta sauko ta zauna a kan katako kafin ya gama, ba damuwa. Ya zagaya ta ɗaya gefen, ya kwanta rigingine ya shige ciki.

Rahmatu ta fito ta ga katako sakwa-sakwa, turmi ba abin da ke kansa. Ga jak riƙe da mota, wanda maigida da bakinsa ya ce ko kwana bakwai ba ya gajiya. Ga safiya lumui, ko ganyen aduwa ba ya motsi, balle iskar da za ta girgiza mota. Ta janye katako a hankali, ta gangara turminta zuwa inda take daka.

Sodangi yana fama da wani noti sai ya ji taɓarya ta fara. Ransa ya yi fari, ya ce ashe dai ta sauko ta ara. Har ya fara bin dukan da kai. Sai halinsa ya motsa: wannan sauti ai ya san shi, shekara goma sha biyar yana jin sa, na Binta kuwa ya fi wannan kauri. Ya juya kai ya dubi inda turmi yake, ya ga hasken rana da zagayen sawunsa a rairayi.

Ya dubi sama. Ƙarfen da ya bari nesa da fuskarsa yanzu ya taɓa rigarsa. Ya yunƙura zai zame, kafaɗarsa ta ƙi, ƙarfen ya riga ya danne ta. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba, tun da shi kaɗai a duniya ya san lissafin: faɗin yatsa kowace alwala, ƙirjinsa kuwa bai san yatsu nawa zai iya bayarwa ba. Ya kira sunanta, taɓarya ta haɗiye muryar. Dole ya tara ɗan numfashin da ya rage, ya jira tsakanin duka da duka, sannan ya saki.

"Rahmatu. Sandan. Danna sandan."

Ta yar da taɓarya ta zo a guje. Hannun da ya saba daka bai sha wahalar sandan jak ba, ta danna, ta danna, tana salati, har motar ta ɗaga ya jawo jikinsa waje yana tari. Ita ce ta ruga ta gangaro turmin ta mai da shi wurinsa. Wajen gangarowa abin da ke ciki ya zube a ƙasa.

Mutum ya fito daga bakin mutuwa, kafaɗa na zugi, amma Sodangi sai ya miƙa hannu ya ɗebi abin da ya zube. Ya murza, ya shinshina. Ƙaiƙayi ne, tsohon ƙaiƙayi wanda aka daka aka sake dakawa har ya zama ƙura, ko ƙwayar gero ɗaya babu.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Yau kwana ashirin da ukku."

"Kunun da nika sha fa?"

"Gidan tururuwa nika tonawa in ka hita. Ɗan abin da na samu in niƙe shi ga dutse." Ta share fuska da gefen zane. "Da na ari turmin Binta, da mi za ni mai da mata shi? Turmi ba ya ɓoye abin da anka daka cikinai." Sannan ta dubi jak ɗin. "Kai kuma ka ce ba ya gajiya."

Sodangi ya sunkuyar da kai. "Na buɗe shi."

"Na sani za ka buɗe."

"Man gyaɗarki na ciki."

"Wata ukku na yi ina zargin ɓera da buɗe kwalba," ta ce. Ya so ya yi dariya, haƙarƙari ya hana shi, hawaye kuma suka zo masa ba shiri. Kunya ta rufe shi, shi da ya san cikin rediyon liman da cikin jak ɗin Nijar, bai san cikin matarsa ya kwana ashirin da uku kusan babu komai ba.

Ya gama ɗaurin sifirin bayan Juma'a da hannu ɗaya da rabi, turmi na tokare da mota, Rahmatu na zaune kusa da sandan jak ba ta matsa ba. Asabar ya tafi Isa, ya kai lodin Wakili Sabon Birni, ya dawo da buhunsa rana na faɗuwa.

Lahadi da safe yana zaune gindin aduwa Rahmatu ta fara surfe. Duka na farko ya ɗago kai. Sautin ya canza: nauyi gare shi, yana nutsewa, ba ya tsalle. Na kwanakin baya kuwa fayau yake, itace kan itace. Bambancin a fili yake har ya yi mamakin kunnensa, sai kuma ya gane cewa in shi ya ji, to kowace mace a Tsamaye ta ji tun ranar farko, ba kuma wadda ta ce uffan. Binta ma ba ta yi magana ba sai ranar da turmin ya yi shiru.

Ya kasa kunne. Ta bayan zana Binta na daka, fayau, fayau, itace kan itace.

Ya juya zai yi magana, ya ga Rahmatu ta riga ta cika ƙwarya ta rufe da faifai. Ta miƙa masa.

"Kai wa Binta. Ka ce rariyarta ce na maido."

Ya karɓa. Ƙwaryar ta yi wa rariya nauyi nesa ba kusa ba. Ya ɗauke ta da lafiyayyen hannunsa, ya zagaya har ƙofar gidan, ya yi sallama, bai ɗaga faifan ba.