Itacen Wankan Jego

A gidanmu ake gadon tsaron kurmin da ke bakin tafki, arewa da rijiyar Dakoro. Barewa da jimina da zabin daji nan suke sha idan rani ya tsananta. Dokar tun ta kakanni ce: ba a harbi, ba a saran ɗanyen itace. Baffana, yayan mahaifina, shi ne sarkin dawa, ni kuwa ni ne ƙafarsa, in zagaya in kwance tarkuna, in kori masu gatari. Baffa mutum ne da ko ƙuda ya sauka a kurmin nan sai ya tambayi wanda ya ba shi izini.

Da matata ta samu ciki, na shiga abin da kowane miji ke yi. Na ɗaure ɗan rago don suna, na fara tara itacen wankan jego. Mai jego sai ta yi arba'in tana wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, in ba haka ba sanyi ya shige ta. Ga itace a hancina, amma ya haramta gare ni. Sai in yi nisa in tsinto busasshe, in ɗauko a ka. Kafin ciki ya tsufa tsibin ya kere bukkarmu. Matata takan zauna a inuwarsa tana yi mini tsiya, wai itacen na aura ba ita ba.

Ana nan sai wani madugu ya sauka da ayarin gishiri, baƙon baffa. Ga taron jama'a, dole a dafa musu, su kuma ji ɗumi. Baffa ya taɓa kurmi? Ina! Tsibina ya nuna musu. Na dawo daga zagaye na tarar da toka.

Na ce, "Baffa, iccen haihuwa na hwa."

Ya ce, "Haihuwa ba ta zo ba, baƙo ya zo. Ƙahwahunka sun karye?"

Ba a rufa mako ba haihuwa ta zo, ɗa namiji. Surukata ta hura wuta da kara da kashin shanu, ruwan bai wuce ɗumi ba. Matata ta kama rawar ɗari, jikinta zafi rau. Tsohuwar ta dube ni ta ce, "Kai da kurmi guda, ɗiyata na wanka da ruwan sanyi?"

Na ɗauki gatari da rana tsaka, na sare aduwar bakin tafki, wadda barewa ke tsintar 'ya'yanta. Ban yi nadama ba, har gobe. Sai dai ɗanyen itace ba ya ci, hayaƙi kawai yake yi. Kafin ya bushe matata ta rasu, ana gobe suna.

Da itacen aduwar muka rufe kabarinta, don babu wani a gari. Ana cikin jerawa baffa ya sunkuya, ya kankare ɓawon da farce, ya shinshina. Ya bari aka tura ƙasa, aka shafa fatiha, sannan ya ɗaga murya a gaban kowa.

"Wagga aduwar bakin tabki ta. Wanda duk ya sari kurmi rago shi ka biya, ko ɗan wa na."

Na tsane shi a ranar, kuma ban fasa ba har ya bar duniya. Rago guda gare ni, shi suka kwance. Washegari aka raɗa wa ɗana suna, babu uwa babu yanka. Ina riƙe da shi yana kuka, ina jiyo ƙamshin ragon daga gidan baffa.