Wutsiyar Guntuwa

Shekaranjiya barkono ya suɓuce mini ya faɗa cikin wuta ina tsakiyar miya. Yara suka watse waje suna tari suna dariya, ni kuwa na tsaya da ludayi a hannu kamar an dasa ni. Warin nan na san shi. Ba a murhu na fara saninsa ba, a bakin wani rami ne bayan rumbunan kakana, ina yarinya, ranar da muka yi ta fama mu fito da wata 'yar karya da ranta.

Bari in faɗa maka yadda ta zo gidanmu. Ƙanen babana soja ne, Baba Soja muke ce masa. Wata shekara ya zo hutun Kirsimeti da kwikwiya a cikin kwali. Wani Bature mai gyaran injuna a barikinsu ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu. Fara ce mai jan tabo a ido ɗaya, gashinta kaushi kamar soson wanka, ƙafafunta gajeru. Karnukan farautarmu kuwa dogaye ne sirara, don haka unguwa ta taru ana dariya. Maƙwabcinmu, wanda shi ma mafarauci ne, ya ce, "Wannan kare ne, ko akuya ce ta yi ɓari?" Tun ranar sunanta ya zama Guntuwa.

Ranar da Baba Soja zai koma, mota ta riga ta tashi, ya leƙo ta taga ya ce, "Baba, don Allah kada a taɓa mata wutsiya. Wutsiyar nan ita ce..."

Kaka ya ɗaga masa hannu. "Je ka, je ka, mutane na jiranka. Tun ba a haife ka ba nake kiwon karnuka."

A wurinmu mafarauci ba ya barin kare da wutsiya. Tsofaffi sun ce idan kare ya ji tsoro wutsiyarsa yake matsewa tsakanin ƙafafu, to in an yanke ta, ba shi da abin matsewa, sai ya tsaya ya yi faɗa. Kaka ya ɗauka maganar ɗansa gayun bariki ne kawai. Washegari ya wasa wuƙa, ya yanke, ya shafa toka. Ya bar mata ɗan dungu wanda bai kai babban yatsa ba.

Guntuwa ta girma, amma ba ta ƙara tsawo ba sai zuciya. A cikin gida ba ka ga mai laushin hali irinta ba. A ƙafata take kwana, in na yi kuka ta lashe mini gwiwa. Amma ran da aka buɗe tsohon rumbu ɓeraye suka zubo, abin da na gani ya sa na ɓoye bayan zanin mamata. Ba ta yi haushi ba ko sau ɗaya. Ta cafke, ta girgiza, ta yar, ta cafke wani. Ba don ci take yi ba, ba ta ko waiwayar wanda ya mutu. Da ta gama ta dawo wurina da jini a gemu tana kaɗa dungunta, wai in shafa ta. Na daɗe ban iya kai hannu kanta ba.

Sauran karnuka suna tsayawa ne a bakin rami su jira nama ya fito. Ita shiga take yi. Ta bi gafiya, babban ɓeran nan da ke kwashe dawa, har cikin ɗakinsa ta jawo shi da baya da baya. Idan ta kama abu kuma, kira ba ya shiga kunnenta, duka ma ba ya sa ta saki. Masu dariya suka koma roƙon iri. Kaka kuwa ya tsaurara. Idan lokacinta ya yi sai ya kulle ta a ɗakin ajiya, ya kori duk dogon kare da sanda, har ya taka zuwa garin Danko ya aro wani gajeren namiji mai faɗin ƙirji. 'Ya'yan farko duk ya rabar, sun yi masa tsawo. Haihuwa ta biyu ce ta ba shi abin da yake so: 'yan dunƙulallu masu gashin uwarsu, waɗanda in ka miƙa musu tsumma ka ɗaga, sai su taso da shi suna lilo ba su saki ba. Idonsu bai daɗe da buɗewa ba, suna kan nono, abin ya faru.

Bayan yankan dawa ne, ƙasa ta bushe ta yi tauri. Akwai wani tsohon suri bayan rumbuna, gara ta bar shi, gafiya ta mayar da shi gida. Da hantsi Guntuwa ta bar 'ya'yanta ta faɗa ciki. Muka ji ƙugi a ƙarƙashin ƙasa, muna jira ta fito kamar kullum. Rana ta take, ba ta fito ba. A gida 'ya'yan suna ta tsuwa.

Kaka ya kwanta rubda ciki ya zura hannu, ya tsaya a gwiwar hannu, ramin ya matse. Ya ɗago ya dube ni. Matata yake kirana, irin wasan kaka da jika.

"Matata, zo. Hannunki siriri ne."

Mamata ta ce, "Baba, rami ne fa. In akwai maciji?"

"Inda karyar nan ta shiga, maciji ya riga ya yi ƙaura."

Na kwanta, kumatuna a kan ƙasa mai zafi, na tura hannu har kafaɗa. Can ƙarshen yatsuna na taɓa gashi. Dungun ne. Ramin ya karkata, ta cusa kanta ta maƙale da naman a baki, gaba ba hanya, baya ba ta iyawa, kuma ba za ta saki ba. Abin da har yau ke tayar mini da tsikar jiki shi ne, da ta ji yatsuna, sai dungun ya fara kaɗawa. Ta gane ni. Na matse shi da yatsu biyu na ja, ya sulluɓe. Na sake, ya sake sulluɓewa. Da akwai ko tsawon tafin hannu na wutsiya, da na naɗe ta a hannu an ja ni ta ƙafa mun fito tare.

Na ce, "Kaka, babu wurin kamawa."

Bakinsa ne kawai ya buɗe.

Aka kawo dagi da galma, amma suri a rani dutse ne, ƙarfe sai tsalle yake yi. Nan maƙwabcinmu ya ce a sa hayaƙi ta ɗayan bakin ramin. Haka ake fito da gafiya tun kakanni, ƙaiƙayi da barkono. "Babu mai rai da ke zama cikin hayaƙi," in ji shi. "Za ta saki ta ja da baya." Kaka ya gyaɗa kai. Suka hura, suna fifitawa da faifai. Hayaƙin ya fito ta bakin da nake tsugune, ya shige mini ido. Ƙugin ya yi rauni, ya yi rauni, ya ɗauke. Kowane kare da muka sani da ya saki. Ita ba ta saki ba.

Sai da yamma aka fasa surin. Tana kwance, haƙoranta a nutse cikin wuyan gafiyar, dukansu sun mutu. Aka sa icce a buɗe bakin, ya ƙi. Maƙwabcin ya ce a hankali, "To, naman fa?" Kaka ya dube shi, mutumin ya ɗauki faifansa ya tafi. Haka aka binne su tare. Na ga kakana a gidajen makoki da yawa, fuskarsa ba ta motsi. Ranar nan ya zauna a kan tarin ƙasa, farcensa na jini, kafaɗunsa na rawa, mu jikoki muka tsaya cirko-cirko ba mu san inda za mu sa ido ba.

Kakata ce ta raini marayun da nonon akuya a cikin murfin kwalba. Da lokacin yanke musu wutsiya ya yi, maƙwabcin ya zo da wuƙarsa, Kaka ya ce ya mayar da ita kube.

Da Baba Soja ya dawo aka ba shi labari, ya ɗaga ɗaya daga cikin 'ya'yan Guntuwa ta wutsiya, ko ƙara bai yi ba. Ya ce, "Mariƙi ce, Baba. Don jawo su daga rami aka yi ta da kauri haka."

Kaka ya ce, "Ka ce kada a yanke, ba ka ce don me ba."

"Baba, ka taɓa barin mutum ya gama magana?"

Ba a yi wa Kaka magana haka. Na jira tsawa. Tsohon ya sunkuyar da kai ya ce, "Gama ta yanzu. Ina ji."

Yau rumbunan sun rushe, dawa a buhu take, maganin ɓera kuma yana kan kowane tebur a kasuwa. Irin Guntuwa ya narke cikin karnukan gari, sai jifa-jifa ka ga mai gajerun ƙafafu yana tona gindin katanga ba dalili. Bara ɗana ya so mu sayi karen gadi, muka je wurin wani saurayi mai sayar da kwikwiyoyi a kwando. Ya ce, "Mama, duk an gyara su," yana nuna mini dungayen da toka a jiki. Na tambaye shi don me ake yankewa. Ya yi dariya ya ce haka ya tarar ana yi. Ni ba mai yawan magana ba ce, amma na ajiye jakata, na jawo benci, na ce wa saurayin, "Ɗana, zauna. Kada ka katse ni sai na kai ƙarshe."