Hannun Labaran

Labaran ɗan Achika ne, amma a bakin kogin Wudil aka fi saninsa. Shekara goma sha tara yana nutso da bokiti yana ɗebo yashi, a cika kwalekwale, tifofi su kwashe su nufi Kano inda ake ta gine-gine. Da wannan aikin ya riƙe mahaifiyarsu Hansai, ya kuma ɗauki nauyin ƙanensa Jamil har ya gama jami'a. Jamil ya dawo daga bautar ƙasa, ya shekara huɗu yana yawo da takardu, ko kira ba a taɓa yi masa ba.

Sai wani Alhaji ya kawo injin zuƙo yashi. Cikin wata guda masu nutso arba'in suka koma zaman gindin bishiya. Labaran na cikin mutum uku da aka ɗauka su kula da injin. Babu takarda, da baki aka yi magana, shi kuwa har sadaka ya yi don murna.

Wata Laraba bel ɗin injin ya kama hannun rigarsa, ya murƙushe masa hannun dama. A asibiti aka yanke daga wuyan hannu. Manajan Alhajin ya zo dubiya sau ɗaya da ledar lemo, ya yi doguwar addu'a. Da Labaran ya tambayi makomarsa, sai ya ce ai shi ba ma'aikacinsu ba ne, ɗan aikin yini ne, kuma dama sun hana sa riga mai dogon hannu.

Tun kafin a sallame shi Jamil ya daina zuwa jinya. Hansai ce ta gaya wa Labaran, idonta a ƙasa: Jamil ya je ya nemi gurbinsa a wajen injin, an ba shi.

"Ni na ce ya je," in ji ta. "Me za mu ci?"

Labaran ya juya fuskarsa bango.

Da ya warke, ya tafi Kano neman gadi. A wani sabon gida a Hotoro, mai gidan ya daɗe yana kallon dungulmin, sannan ya tambaye shi wace kotu ce ta yanke. Labaran ya fara bayanin injin, mutumin ya ce a rufe ƙofa.

Yanzu a ƙauye yake, yana kiwon awakin Hansai. Jamil ke kawo cefane duk Juma'a. Sukan gaisa.