Shekara da Kiwon Kyanwoyi

Shekara mai daddawa ta shigo Matameye tana amarya, ba ta kuma bar garin ba har ta rasu. Gidansu yana bayan marina. Gajerar mace ce mai magana a hankali, idan kuma za ta shirya wa mutum tsiya sai ta ƙara sassauta murya. Wannan labarin a bakinta na ji shi bayan ta tsufa, tana zaune tana tsintar kalwa a faifai.

'Yan shekaru kafin Nasara su iso Damagaram, fara ta sauka ta cinye gero. Gidaje da yawa suka tashi suka yi kudu neman abinci. Sun tafi da awakinsu da jakunansu, amma ba wanda ya ɗauki kyanwa. Kyanwoyin suka rage a kangaye suna kuka, duk sun rame. A shekarar ce mijin Shekara ya rasu, 'ya'yanta mata biyu kuma suna ɗakin aure a Kance. Wata rana ta jiƙa ƙanzo da tsala ta ajiye wa wata baƙar kyanwa a bakin ɗakinta. Kashegari baƙar ta zo da ƙawa. Kafin wata daminar, kyanwa goma sha ɗaya ke kwana a ɗakin, Shekara tana ba matan Fulani daddawa suna ba ta tsalar ciyar da su.

Gidan a lokacin yana hannun ƙanin mijinta, Muntaka, mai kai kanwa kasuwannin ƙauye a kan jakuna. Akwai wasan ƙanin miji da matar wa a tsakaninsu, shi ya sa ya daɗe yana haƙuri. Haƙurin ya ƙare wata Juma'a da ya buɗe adudunsa zai ɗauki babbar rigarsa, ya tarar wata ta haihu a ciki.

"Yaya Shekara, zo ki ga baƙinki."

Ta leƙa, ta ce, "Barka, Muntaka. Tun yaushe kake sa rigar nan, ba ta taɓa haifa maka komai ba sai yau."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Na ba ki zuwa ranar da za a zuba gero a rumbu. Wadda na tarar a gidan nan bayan ranar, dajin Yauri zan kai ta, ta je ta yi wa kuraye bayani."

Da ta ga ya tafi masallaci da taguwa kamar mai zuwa gona, sai ta san ba wasa yake yi ba.

Ta fara da kyauta. Ta kai wa maƙwabciyarta Mariyama mai koko wata fara mai dabbare-dabbare. Mariyama ta riƙe ƙugu ta ce, "Wa ya gaya miki ɓeraye sun cika mini ɗaki?" Wani gida suka karɓa don kunya, yara suka bi kyanwar da jifa, ta riga Shekara komawa gida. Mako biyu tana yawo, ko ɗaya ba ta ragu ba, gero kuwa ya fara nuna.

Tana cikin wannan ne ta ga wata mata tana janye da akuyar da aka ba ta kiwo, tana tsayawa ƙofa-ƙofa don a gani. A Matameye ba a ba kowa kiwo sai wanda aka yarda da amanarsa. Mai dabba ya damƙa maka ita a gaban shaidu, haihuwar fari taka, ta biyu tasa. Kyauta tana iya zama raini, kiwo kuwa girmamawa ce.

Da hantsi Shekara ta sa baƙar kyanwar a kwando, ta rufe da zane mai kyau, ta nufi gidan Malam Sallau limamin unguwa. Ta durƙusa a bakin zaure.

"Allah gafarta Malam, kiwo na kawo."

Malam ya ɗaga zanen. Ya daɗe yana kallon kyanwar, ita ma tana kallonsa.

Shekara ta ce, "Na duba unguwar nan kaf, ban ga wanda zan ba amanarta ba sai kai. An nema, na hana."

Na tambaye ta ko da gaske an nema. Ta ce ƙwarai, ai Muntaka ya nema, shi da kuraye.

Ɓeraye sun daɗe suna gaigayar takardun Malam, sai dai bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya karɓa. Da yake shi mutum ne mai bin ƙa'ida, ya kira shaidu biyu, aka maimaita sharaɗin kamar na akuya, aka shafa fatiha.

Kafin la'asar sai ga Mariyama, ranta a ɓace.

"Tun muna amare muke maƙwabtaka, amma ki tsallake ni ki kai wa Malam?"

"Ai na kawo miki, kika kore ni."

"Waccan kyauta ce."

Daga ranar Shekara ta fara jan aji. Sai ta je ta duba gidan mutum tukuna. Ta tambaya ko akwai kare, ko yaran gidan suna jifa, wa zai zuba ruwa a kasko idan uwargida ta tafi biki. Ta hana wani mahauci, don ta ce zai sangarta kyanwar ta daina kamu. Ya aiko da ban-baki har sau biyu kafin ta yarda. Labari ya kai Ɗan Barto, aka zo daga can. Ranar da aka zuba gero a rumbu babu kyanwa ko ɗaya a gidan. Muntaka ya saya mata goro.

Abin da ta manta shi ne rabin sharaɗin na biyu. Akuya ɗa ɗaya take haifa, in ta yi ƙoƙari biyu. Kyanwa kuwa biyar take zubarwa, kuma ba ta jiran shekara.

Wata safiya Muntaka yana ɗaura wa jaki kaya, sai ga Malam Sallau da kwando da shaidunsa biyu. Maigida ne ke karɓar rabon kiwo, don haka a gabansa aka ajiye.

"Rabon Shekara ne, haihuwa ta biyu," in ji Malam. "Duk lafiyarsu lau."

Bai rufe baki ba Mariyama ta iso da ƙwarya a rufe, ƙwaryar tana kuka. Bayanta wani dattijo daga Ɗan Barto, ƙafafunsa buɗu-buɗu, ya sauke nasa kwandon yana neman gafarar jinkiri.

Muntaka ya ce, "Allah gafarta Malam, mun yafe. Kowa ya riƙe nasa."

Fuskar Malam ta sauya. "An taɓa mayar da rabon kiwo? Idan riƙona ne bai gamshe ku ba, a faɗa mini a fili, in aika a kawo muku uwar."

"Ni ma tawa tana gida," in ji Mariyama. "Yanzu sai in ɗauko."

Muntaka ya juya ya dubi zana, inda ya san Shekara tana laɓe.

"Yaya, me kika ce?"

Muryarta ta fito a sanyaye. "Maigida ne da magana. Ni mece ce?"

Haka ya sa hannu biyu ya karɓi kwandunan, ya yi godiya, ya sa wa kowa albarka, har ya raka dattijon bakin hanya.

Da baƙi suka watse ta fito ta ce, "Yaushe za ka dajin Yauri? In dama maka fura."

"Kin san Malam zai tambaye ni lafiyarsu kowace Juma'a."

"To ba kana zuwa kasuwanni ba? Ka ba da su kiwo can nesa, inda mutum zai ji ƙyuyar kawo rabo."

Haka aka yi. Duk fitar da zai yi da kanwa, akwai kwando ɗaya mai kuka a cikin kayan. Da farko duk wanda ya miƙo hannu ba shi yake yi. Shekara kuma ta ci gaba da tsinto na kango da na bakin kasuwa, ta yi musu jinya, ta miƙa masa. Wani lokaci yakan yi kwana biyu ba ya yi mata magana.

Wani yammaci ya dawo daga kasuwar Kance, ta ga ya buɗe burgaminsa ya fito da 'yar kyanwa ja.

"Ba a nema ba?"

"An nema," in ji shi, yana kwance wa jaki kaya bai dube ta ba. "Mutumin ne ban yarda da shi ba. Na ga yadda yake dukan jakinsa."

"To ina za ta kwana? Ni an hana ni."

Ya ce a ɗakinsa, kafin kasuwa mai zuwa.

Shekara ta leƙa ta katanga ta kira Mariyama, ta ce ta zo da wata su yi shaida, za ta ba Muntaka kiwo.