Bishiyar da Ƙanwata Ta Shanye

Duk sa'ad da ake dafa tawada na ji ƙamshin ƙaro da gawayi, sai dariya ta kama ni, ko a gaban manya nake.

Daminar da Baba ya bi fatake Gwanja sayo goro, gudawa ta kama ƙanwata. Ta rame har ina tsoron yin atishawa kusa da ita, kada ta tashi sama. Kakanmu ya san itatuwan dajin Ƙarfi fiye da jikokinsa, amma gwiwoyi sun zaunar da shi. Kwatancen baki kuwa ya daina yi mini tun ranar da ya aike ni sabara na kawo masa tafasa. Sai dai ya zana mini a allo, don a cewarsa sunan itace yakan sauya daga gari zuwa gari, ganyensa ba ya sauyawa.

Ranar ya kwashe hantsi yana zanen bishiyar ararraɓi, maganin gudawa, ni ina tsugune ina kallo. Ganye jere bibbiyu, gefensu da ƙananan haƙora, ɓawo yana saɓa kamar maciji. Ya jingina allon ya bushe, muka zagaya na zuba masa ruwan alwala.

Muka dawo muka tarar da allo fes, kakarmu tana goge wa ƙanwata baki.

"Ina bishiyata?" in ji shi.

"Wace bishiya, Malam? Ba rubutun sha ba ne?"

"Kin ɗura wa yarinya itace guda, har da saiwa."

Ga tawada ta ƙare, ga yarinya kwance. Ya miƙo mini tsinke. "Kai mai idon mujiya, zana mini a ƙasa."

Na farko ya fito kamar sawun kaza. Ya share da sanda. "Ina haƙoran?" Haka muka yi ta yi har ya gyaɗa kai. Na sheƙa bayan dutse, ina hango bishiyar na gane ta kamar ɗan uwana. Aka dafa ɓawon, ba a jima ba ƙanwata ta koma cin tuwo kamar 'yan gayya.

Yanzu idon tsoho ya yi rauni, ni ke zana wa ƙannena, kuma ina rataye allon inda hannun kakarmu ba ya kaiwa. Har yau ta dage wankinta ne ya yi aiki. Ni dai duk damina sai na leƙa kunnen ƙanwata, ko ganye ya fara tsirowa.