Nek Marni, Wanda Ya Mayar da Ni Teku

Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga Sha'aban, ina kankare kwakwa a bayan gida aka sanar daga masallaci cewa ka rasu. Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Sunanka na yanka Sapri bin Kadir, amma tun da aka haifa maka jika ta fari, kowa a tsibiran Kokos ya koma kiranka da sunanta, Nek Marni, wato kakan Marni. Shekararka tamanin da ɗaya.

Wasu za su faɗi jiragen ruwa masu tafiya da iska da ka sassaƙa da hannunka. Wasu za su tuna yadda kake faɗa da baƙin da ke sakin anka, ƙarfen tsayar da jirgi, a kan duwatsun murjani, sannan kai ɗin dai ka nutsa ka cire musu ita in ta maƙale. Ni abin da ka yi mini zan faɗa.

Mijina Jamari, ɗan yayanka, ya fita kamun kifi wata safiya bai dawo ba. Shekara shida ban sa ƙafa a teku ba, kuma na hana 'yarmu Aini kusantar gaɓa. Kowa ya yi ta lallaɓa ni, ban da kai. Wata rana ka zo ka tsaya a ƙofar gidana, ka kira ni Mak Aini, wato uwar Aini.

"Mak Aini, kin haifi 'ya a tsibiri kin hana ta ruwa? Akuya kike kiwo?"

Na ce, "Nek, ruwan nan ya ci mini mutum ɗaya. Ya isa."

Ka ce, "Ni ma ai ɗana ya ci. Gobe da safe ina bakin gaɓa."

Har yau ban san abin da ya kai ni ba. Muka ɗaga ƙyallen jirgi, iska ta kwashe mu zuwa tsibirin Pulu Tikus, na riƙe katako har yatsuna suka sage. Da muka isa ka nemi farin yashi ka saki anka, ka nutsa ka tabbatar ta kama. Sannan ka miƙo mini gilashin nutso da bututun numfashi, ka ɗaura mini igiya a ƙugu, ka ɗaura ɗaya bakin a naka.

"In kin nutse tare za mu tafi," ka ce, "kuma an soya mini kifi a gida, ba ni da niyyar barinsa."

Na sa fuskata a ruwa. Na zaci duhu zan gani. Sai ga haske har ƙasa, ga kifaye shuɗaye da rawaya suna kiwo a kan murjani, ga wani kunkurun teku ya wuce bai ko kula ni ba. Na yi kuka har gilashin ya dushe. Igiyar kawai kake ja a hankali in san kana nan.

A kan hanyar dawowa na yi maka magana sau biyu ba ka ji ba. Na tsokane ka da cewa tsufa ya cinye maka kunne. Ka ce ba tsufa ba ne. Kwana sha ɗaya ka yi kana nutso a bayan murjani kana neman Jamari, har kunnenka na hagu ya fashe. Shekara shida ina ganinka kullum, ban sani ba.

A wancan makon na bari ka kai Aini teku. Yau ita ke kai baƙi nutso.

Allah Ya jiƙanka, Nek. Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata makwancinka, Ya haɗa ka da ɗan da ka nema ba ka samu ba. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, da 'ya'yanka, da Marni, da duk mutanen tsibirinmu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, amin.